Tsofaffin kwabban ƙasar Sin: Wa zai ba da shaida tsakanin na gaske da jabu?

A ranar 1 ga watan Maris na shekarar 2025 ne dokar kare kayan tarihi ta ƙasar Sin ta fara aiki da sabuwar fuska, bayan gyaran da majalisar dokokin ƙasar ta yi mata a watan Nuwamban 2024. Cikin abubuwan da dokar ta tanada har da cewa ƙasar tana da haƙƙin neman a maido mata da duk wani kayan tarihinta da aka sace ko aka fitar ba bisa ƙa'ida ba, komai daɗewar lokaci. Kafin wannan kuma, a watan Janairun 2024, Amurka da Sin sun sake sabunta yarjejeniyar da suka ƙulla tun 2009, wadda ta hana shigar da wasu rukunan kayan tarihin Sin cikin Amurka sai da takardar izini. Da yawa daga cikin masu sharhi sun fi karkata ga gumaka da tangaran da zane-zanen bango. Amma wanda ya bibiyi lamarin ya san cewa abin da aka fi kai ruwa rana a kansa, har aka shafe shekaru ana shari'a, ɗan ƙaramin abu ne da ba zai cika tafin hannun yaro ba, wato tsohon kwabon tagulla mai huji a tsakiya.

Abin da nake son mu duba da mai karatu shi ne yadda ake gane kwabo na gaske daga jabu, da dalilin da ya sa wannan tambaya ta tashi daga hannun masana ta koma hannun 'yan gwanjo da jami'an kwastan da alƙalai. A fahimtata, tsohon kwabo shaidu uku gare shi: rubutun da ke jikinsa, da ƙarfen da aka zuba shi da shi, da kuma ƙasar da aka tono shi. Shaidu biyun farko 'yan jabu sun koyi yadda za su saye su. Na ukun ba ya sayuwa, amma kasuwar da ta fi kowa buƙatarsa ita ce take kashe shi da hannunta.

Bari mu faro daga tushe, domin Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan labari kamar yadda zai zata. Kuɗin farko da aka sani a ƙasar Sin wuri ne, irin wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwar Kurmi. A shekarar 1976, da aka buɗe kabarin Fu Hao, matar wani sarkin daular Shang da ta rayu fiye da shekara 3,000 da suka wuce, an sami wuri kusan 7,000 a ciki. Har yau, a rubutun Sinanci na gargajiya, alamar da ke nufin wuri tana nan cikin kalmomin saye da sayarwa da dukiya da tsada da arha. Mu ma haka harshenmu ya adana wannan tarihi, domin kalmar kuɗi jam'in wuri ce, ko da yake yaran yanzu ba su taɓa ganin an sayi ko ƙuli-ƙuli da wuri ba. Al'ummomi biyu da ke nesa da juna sun bar sawun abu ɗaya a bakinsu, kuma wannan ne ya fara jawo hankalina ga batun a matsayina na mai nazarin harshe.

Daga wuri Sinawa suka koma zuba kuɗin tagulla masu siffar shebur da masu siffar wuƙa, kowace masarauta da irin nata. Da sarkin Qin ya haɗe ƙasar a shekara ta 221 kafin Miladiyya, sai ya ɗora wa kowa kwabo iri ɗaya, kewayayye mai huji mai kusurwa huɗu, wanda ake kira banliang. Wanda ya riski zamanin anini da kwabo mai huji a ƙasar nan zai iya kwatanta shi a ransa, illa dai hujin namu kewayayye ne. A shekara ta 118 kafin Miladiyya daular Han ta fito da kwabon wuzhu, wanda aka yi fiye da shekara 700 ana amfani da shi. A shekara ta 621 daular Tang ta maye gurbinsa da Kaiyuan Tongbao, kuma daga nan siffar ba ta sake wani babban sauyi ba har faɗuwar daular Qing a 1912. Ana zura kwabban ne a igiya, dubu ɗaya a kowace igiya bisa ƙa'ida. A zamanin daular Song, wajen shekarun 1080, gidajen zubin gwamnati suna fitar da igiya kusan miliyan 5 a shekara guda. Mai karatu ya yi lissafin da kansa.

Wannan yawa ne ya haifar da abin da ke rikita sabon shiga. Tsufa ba shi ke sa tsada ba. Kwabon wuzhu mai shekara 2,000, ko na Sarki Qianlong wanda ya yi mulki daga 1735 zuwa 1796, ana samun su da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, domin an zuba su ne kamar yashi. Abin da ke tsada shi ne wanda ya yi ƙaranci. Alal misali, a 1861 an fara zuba kwabbai da sunan zamanin Qixiang, sai aka yi juyin mulki a fada cikin 'yan watanni, aka soke sunan, aka narkar da mafi yawansu. Kaɗan ɗin da suka tsira sun zama abin nema ruwa a jallo. Haka ma kuɗin nan mai siffar wuƙa na Wang Mang, na shekara ta 7 Miladiyya, wanda aka cusa wa wasu haruffansa zinariya. Da tattalin arzikin Sin ya bunƙasa, masu hannu da shuni suka shigo fagen, farashi ya yi tashin gwauron zabo. A 2010 an sayar da wani kuɗin shebur mai huji uku a gwanjo a Beijing a kan fiye da yuan miliyan 3. A 2022 kuma wani kuɗin azurfa na lardin Fengtian, bugun inji na 1903, ya haura yuan miliyan 46. Masu iya magana na cewa inda ake rabon nama nan ungulu ke sauka. Idan harafi ɗaya kacal ne ya raba kwabon da ba ya sayen kofin shayi da wanda zai sayi gida, ba sai an gaya wa ɗan jabu aikin da zai yi ba.

To, ga shaida na farko, wato rubutu. Kwabon Sin ba ya ɗauke da hoton sarki, ba doki, ba tambari. Haruffa ne kawai, galibi huɗu a fuska. Saboda haka tantance shi karatu ne kafin komai, kuma karatun yana da tarkuna. Wasu kwabban ana karanta su daga sama zuwa ƙasa, sannan dama zuwa hagu. Wasu kuma a kewaye ake bin su. Haruffa biyun farko yawanci sunan zamanin sarauta ne, ba sunan sarkin na yanka ba, kuma sarki ɗaya yana iya sauya sunan zamaninsa sau da dama. Kwabon Kaiyuan Tongbao kansa tarko ne, domin an yi wani zamani mai suna Kaiyuan daga 713 zuwa 741, alhali an fara zuba kwabon shekara 92 kafin nan, kuma an ci gaba da zuba shi har bayan rushewar daular Tang. Wanda ya karanta sunan ya yanke shekara nan take, ya yi sallama da gaskiya.

Bayan kalmomin kuma akwai hannu. Kamar yadda wanda ya saba da ajami yake bambance hannun Barno da hannun Kano da kallo ɗaya, haka masanin kwabo yake bambance salon rubutun hatimi da na magatakarda da daidaitaccen salo da salon gudu. An san cewa shahararren marubucin nan Ouyang Xun ne ya tsara haruffan Kaiyuan Tongbao. A shekara ta 990 Sarki Taizong na daular Song ya rubuta haruffan kwabonsa da hannunsa cikin salo uku. Sarki Huizong, a farkon ƙarni na 12, yana da wani siririn salo nasa na kansa mai kaifi kamar an yanka da aska, kuma yana kan kwabban Chongning da Daguan. Ɗan jabu yana iya kwafar siffar harafi, amma sau da yawa inda alƙalami ya danna da inda ya ɗaga sukan tona masa asiri.

Akwai kuma abin da ni na fi sha'awa, wato alkunya. Bahaushe ya san cewa uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, mace ba ta kiran sunan miji. Sinawa sun mai da irin wannan kunya doka a kan sunan sarki. Wanda ya kafa daular Ming a 1368 sunansa Zhu Yuanzhang, saboda haka kwabban daular suka kauce wa kalmar yuanbao, wadda ke ɗauke da harafin sunansa, suka tsaya a kan tongbao. Idan aka kawo maka kwabon Ming da ya karya wannan alkunya, ka nemi bayani mai ƙarfi kafin ka sa hannu a aljihu. Sai dai kuma kowace ƙa'ida tana da togaciya. An sauƙaƙa haruffan Sinanci a hukumance daga 1956, don haka wasu ke ɗauka duk kwabon da aka ga sauƙaƙaƙƙen harafi a kansa jabu ne. Amma 'yan tawayen Taiping, waɗanda aka murƙushe a 1864, sun rubuta kalmar ƙasa a kwabbansu da wani gajeren harafi mai kama da na yanzu. Mai guntun ilimi zai jefar da na gaske, ya rungumi na ƙarya.

Kada kuma a ɗauka Sinanci kaɗai ake buƙata. Daular Yuan ta Mangolawa ta zuba kwabbai da rubutun Phags-pa. Daular Xia ta Yamma ta yi da rubutun Tangut, wanda aka daɗe ba a iya karanta shi ba. Kwabban daular Qing suna ɗauke da sunan gidan zubi a bayansu cikin rubutun Manchu, harshen da masu jin sa a yau ba su da yawa. A yankin Xinjiang kuwa, tun daga wajen 1760, an riƙa zuba jajayen kwabbai masu sunayen garuruwa irin su Yarkand da Aksu da haruffan Larabci, waɗanda duk mai karanta ajami zai iya lalubo su. Ɗan jabun da ke kwafar rubutun da bai iya karantawa ba yakan mai da shi zane, ya haɗa abin da ya kamata a raba, ya raba abin da ya kamata a haɗa. Nan ne masanin harshe ke kama shi. Matsalar ita ce ɗan jabun zamani ya daina kwafa da hannu. Yakan sami kwabo na gaske ya ɗauki siffarsa kai tsaye, ko da mazubi ko da na'ura, sai rubutun ya fito ba kuskure ko ɗaya.

Wannan ya kai mu ga shaida na biyu, wato ƙarfe. Kwabban Turai da na ƙasashen Larabawa bugawa ake yi da guduma, amma na Sin zubawa ake yi, kamar yadda maƙeran fari ke zubin tagulla. Da farko da mazubin yumɓu ko dutse ko tagulla aka yi, daga baya aka koma danna wani kwabo da ake kira uwa a cikin yashi mai laushi, a zuba narkakken ƙarfe, kwabban su fito a jere kamar ganye a reshe, sannan a ɓalle su a goge gefensu. Tunda ƙarfe yana ɗan tsukewa idan ya huce, kwabon da aka zuba daga wani kwabo yakan fi uwarsa ƙanƙanta kaɗan, haruffansa kuma su ɗan dusashe. Don haka masu tantancewa ba sa rabuwa da ma'auni da sikeli. Haɗin ƙarfen ma yana da tarihi. Har zuwa tsakiyar daular Ming, jan ƙarfe ake haɗawa da kuza da dalma. Daga zamanin Sarki Jiajing, a ƙarni na 16, aka koma haɗa jan ƙarfe da tutiya, wanda ke ba kwabo launin rawaya. A yau akwai na'urar da ke haska ƙarfe ta faɗi abin da ke cikinsa ba tare da an kankare shi ba. Kwabon da aka ce na daular Song ne, aka same shi cike da tutiya, ya gama ba da shaida a kan kansa.

Amma idan maharbi ya koyi harbi ba kuskure, tsuntsu ma yakan koyi tashi ba sauka. 'Yan jabu sukan sayi tsofaffin kwabbai masu arha su narkar, su zuba mai tsada da ƙarfen zamaninsa, na'ura ta duba ta ce daidai ne. Wasu sukan ɗauki kwabo na gaske su kankare harafi ɗaya su sassaƙa wani. Wasu sukan tsaga kwabbai biyu su manna fuskar wannan da bayan wancan, su samar da wani iri da ba a taɓa zubawa ba. Koriyar tsatsar nan da ke nuna tsufa kuwa, ana haɗa ta da ruwan guba, ko a kwaɓa garin tsatsa ta gaske da gam a shafa, ko a binne kwabon a ƙasa mai danshi na wani lokaci. Tsatsar ƙarnoni tana kama jikin ƙarfe ta zama ɗaya da shi, ta kwanan nan kuwa sau da yawa takan ɓare. Tsohon kwabo idan aka jefa shi a kan dutse amonsa a dushe yake, sabo kuma yana ƙara. Duk waɗannan dabaru ne masu amfani, amma ba ɗaya daga cikinsu da ba a taɓa yaudara ba. Kuma yaƙin ba na yau ba ne. Tun a 1149 Hong Zun ya rubuta littafinsa Quan Zhi a kan tsofaffin kuɗi, wanda ke nuna cewa sha'awar tara su ta kusa shekara dubu. Jabun da aka yi wa masu tarawa shekara 200 da suka wuce, yau shi ma ya tsufa, ya yi tsatsa ta gaskiya.

Maganin da kasuwa ta samo shi ne kamfanonin tantancewa. Ka kai kwabonka, su duba, su rufe shi a cikin ɗan akwatin roba mai lamba da maki, daga nan sai a riƙa cinikinsa a intanet ba tare da mai saye ya taɓa shi ba. Ba na musun cewa wannan ya rage ɓarna. Sai dai ya sauya wurin da amana take. A da mai saye yana koyon karanta kwabo. Yanzu lambar da ke kan roba yake karantawa. Kuma kamar yadda ake zato, an fara yin jabun akwatin da lambar su ma. Bugu da ƙari, akwatin yana iya gaya maka cewa kwabon tsoho ne, amma ba ya gaya maka daga ina ya fito, ko ta wace hanya ya zo hannun mai sayarwa.

Shaida na uku ke nan, kuma shi ne ya fi nauyi. A watan Maris na 2011 mutanen wani ƙauye kusa da birnin Nanchang suka kai rahoton cewa ɓarayi na haƙa wani tudu. Da masana suka karɓi aikin, sai ga shi kabarin Liu He ne, mutumin da ya yi sarautar daular Han na kwana 27 kacal kafin a tuɓe shi a shekara ta 74 kafin Miladiyya. An sami kwabban wuzhu kimanin miliyan 2 a ciki, nauyinsu ya haura tan 10. Ko wanne daga cikinsu a kasuwa ba wani abin kirki zai kawo ba. Amma saboda an same su a inda aka ajiye su, a zure a igiyoyinsu, sai suka zama hujja cewa tsarin dubu a igiya ya faro tun wancan zamani. Da ɓarayin sun riga, da an tsinke igiyoyin an watsa kwabban a buhu-buhu, da wannan ilimi ya tafi har abada, ko da kuwa kowane kwabo ya sami akwatin robarsa da makinsa. Haka nan a 2021 masana daga Jami'ar Zhengzhou suka bayyana gano wani gidan zubin kuɗin shebur a Guanzhuang, cikin lardin Henan, wanda ya fara aiki tsakanin shekara ta 640 da ta 550 kafin Miladiyya. Abin da ya ba su shekarun shi ne ƙonannun ƙwayoyin gero da aka samu a rami ɗaya da mazuban. Babu ɓarawon kabarin da zai tsaya tsintar gero.

A nan ne gardamar shari'a ta samo asali. Yarjejeniyar 2009 ta shafi kayan da aka yi har zuwa ƙarshen daular Tang a shekara ta 907, ciki har da kwabbai. A wannan shekarar wata ƙungiyar masu tara tsofaffin kuɗi ta Amurka, Ancient Coin Collectors Guild, ta shigo da 'yan kwabban Sin da na tsibirin Saifurus ta birnin Baltimore da gangan, domin kwastan su kama, ita kuma ta sami hanyar zuwa kotu. An kama, an shiga kotu, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta yanke hukunci a 2012 da 2018, duka ba su yi wa ƙungiyar daɗi ba. Amma hujjarta ba ta banza ba ce, ya kamata a saurare ta. Kwabban Sin sun yi ƙarnoni suna yawo a wajen Sin. Japan da Biyetnam da tsibirin Jawa duk sun yi ciniki da su. Jirgin ruwan da ya nutse a gaɓar Sinan ta Koriya a 1323, a hanyarsa ta zuwa Japan, yana ɗauke da tan 28 na kwabban Sin. A nahiyarmu ma, a 1945 wani manomi a Zanzibar ya tono fiye da kwabbai 170, mafi yawansu na daular Song, kuma a 2013 masu bincike suka sanar da samun kwabon Sarki Yongle na farkon ƙarni na 15 a tsibirin Manda na Kenya. To, ta yaya za a ce duk kwabon da ke da rubutun Sinanci daga ƙasar Sin aka sato shi? Kuma wa ya ajiye rasit na abin da kakansa ya saya da kuɗin goro? Suna kuma ƙarawa da cewa a cikin Sin ɗin kanta ana cinikin kwabban a fili, kuma kasuwar cikin gida ta fi ta waje girma nesa ba kusa ba.

Ɓangaren hukumomi da masana kuma na cewa muddin kasuwa tana karɓar kaya ba tare da tambayar salsalarsu ba, to kwangila ce take bayarwa ga masu haƙa. A dokar Sin, duk abin tarihi da ke ƙarƙashin ƙasa mallakar gwamnati ne, kuma tun 2007 an haramta fitar da kayan da aka yi kafin 1911, har da kwabbai. Ƙasar ta taɓa kai hukuncin satar kabari har ga kisa, kafin ta soke hakan a 2011, amma tsananin hukunci bai hana haƙa ba, domin mai saye yana nan.

Ni dai ra'ayina shi ne kowane ɓangare yana riƙe da rabin gaskiya, amma rabin masana ya fi nauyi. Gaskiya ne ba adalci ba ne a ɗauki duk mai tara kwabbai a matsayin ɓarawo, ko a nemi takardar da ba a taɓa rubutawa ba a kan kayan da suka bar Sin tun zamanin jiragen iska. Ya kamata doka ta bambanta kwabon da aka zuba biliyoyinsa da wanda bai fi a ƙirga da yatsu ba. Amma tsohon uzuri ba zai zama lasisin sabuwar ɓarna ba. Daga yau zuwa gaba, ba abin da zai hana dillali ya rubuta inda ya samo kaya da ranar da ya samo, ya ɗauki hoto, takardar ta bi kwabon daga hannu zuwa hannu. Masu tarawa suna ganin wannan a matsayin wahalar da aka ɗora musu, alhali kuwa ita ce kariyarsu. Ɗan jabu ya iya rubutu, ya iya ƙarfe, ya iya tsatsa, amma ƙirƙiro salsalar shekara 50 da za a iya bin diddiginta a kundin gwanjo da na gidajen tarihi ya fi masa wuya ƙwarai. Abin da ke toshe wa ɓarawon kabari hanya shi ne kuma ke toshe wa ɗan jabu.

Mu a nan ba 'yan kallo ba ne. Nijeriya da Sin duka sun shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 a kan hana fataucin kayan tarihi, kuma a watan Janairun 2022 Nijeriya ta ƙulla da Amurka irin yarjejeniyar da Sin ta ƙulla a 2009. Abin da ya sami gumakan yumɓu na Nok a shekarun 1990 shi ne wannan labari da wata riga: an haƙe wurare ba tsari, kayan sun cika kasuwannin Turai, sannan 'yan jabu suka riƙa harhaɗa tsofaffin gutsattsari da sabon yumɓu domin su yaudari gwajin kimiyya. Ga kuma 'yan kasuwarmu da ke zirga-zirga zuwa Guangzhou da Yiwu. Wanda aka yi wa tallan tsohon kwabo a can ya sani cewa yana tsakanin abu biyu ne. In jabu ne, ya yi asarar kuɗinsa. In kuwa na gaske ne, fitar da shi daga ƙasar laifi ne, kuma a filin jirgin sama za a yi masa bayani. Kwaikwayon da ake sayarwa a fili a matsayin tsaraba, irin jerin kwabban sarakunan Qing biyar da ake ratayewa don ado, ba laifi a saya, muddin an san abin da aka saya kuma ba za a dawo gida a sayar wa wani da sunan kayan tarihi ba.

Kiran da zan yi ga jami'o'inmu da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa shi ne su ɗauki darasi tun kafin kasuwa ta waiwayo kan namu. Muna da wuri da anini da taro da sisi, muna da dalar azurfa ta Mariya Taresa da ta yi yawo a kasuwanninmu, muna da tsofaffin takardun ajami da hatiman sarakuna a gidajen mutane. A rubuta su, a ɗauki hotunansu, a san gidan da kowanne yake da yadda ya zo, a kuma horar da matasan da za su iya karanta su. Sinawa sun kafa ƙungiyar nazarin tsofaffin kuɗi ta ƙasa a 1982 da gidan tarihin kuɗi a Beijing a 1992, suna da littattafan fannin na kusan shekara 900, amma duk da haka suna fama. Wanda bai fara ƙirga abin da ke cikin rumbunsa ba, ranar da aka yi masa sata ba zai iya faɗa wa alƙali ko dami nawa aka ɗauka ba.